Kwalbar Da Ba Mu Sha Da Wuri Ba

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma akwai yini ɗaya da ko tsufa ya cinye ni ba zai fita daga raina ba. Wata Alhamis ce a babban asibitin Birnin Kudu, ina zaune a bakin gadon ƙanena, wayarsa a hannuna, babban yatsana a tsaye a saman gilashi na kasa sauke shi. Wanda ya san ni zai yi mamaki ya ji wasan waya ne ya sa ni gumi, don ni ko dara ba na tsayawa kallo. Amma bari in bi abin daki-daki. Ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Basirka, cikin ƙasar Gwaram. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Abin da na iya shi ne tsari: kowane abu da lokacinsa, kowane kaya da wurinsa. Ƙanena kuwa gyaran janareta yake yi a Gwaram, kuma hannunsa na da albarka. Wata rana yana zuba fetur a injin da bai huce ba, wuta ta kama. Allah ya tsare fuskarsa da ƙirjinsa, amma hannayensa biyu sun ƙone tun daga yatsu har wuyan hannu. Aka kwantar da shi a Birnin Kudu, ni na zama mai jinya. Ni nake ba shi abinci a baki, ni nake yi masa alwala, ni nake sosa masa baya.

Da ciwon ya fara lafawa, likita ya zauna da mu. Ya ce ƙunar ta yi zurfi, fata ba za ta rufe da kanta yadda ya kamata ba. Sai an yanko fata daga cinyarsa an dasa a hannun. Idan aka bari, yatsun za su lanƙwashe su ƙandare, ko cokali ba zai riƙe ba, balle sifana.

Ƙanena ya ce, "Likita, in an dasa, tabbas za ta kama?"

Likitan mutum ne mai gaskiya. Ya ce, "Yawanci tana kamawa. Wani lokaci wani ɓangare ya ƙi, sai a sake. Tabbas na Allah ne. Abin da na sani shi ne yanzu jikinka da ƙarfi, ciwon kuma a tsaftace yake. Yanzu ne lokacinsa. Ka yi shawara, ran Alhamis ina son amsa."

Yana fita ƙanena ya juya fuska bango ya ce ba za a yi ba. Ba zai yarda a sa shi barci a yanka masa wuri mai lafiya a kan abin da ba tabbas ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo misali, duk ya yi kunnen uwar shegu. Kuma likita ya riga ya gaya mini baligi ne, sai da yardar bakinsa.

Ana cikin haka labari ya kai wa Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne ubanmu tun rasuwar Baba. Ya bugo ya ce akwai mai maganin ƙuna a wajen Zandam, ya warkar da mutane da dama, zai zo da mota ran Alhamis ya ɗauke yaro a koma gida. Baffa ba mugu ba ne, ƙauna ce ta sa shi. Amma a gidanmu ɗa ba ya mayar wa Baffa magana, ko da kuwa ɗan ya fara furfura irina. Mutum ɗaya ne zai iya cewa a'a a saurare shi: mai ciwon da kansa. Shi kuwa mai ciwon tafiya yake so.

To, a nan wasan ya shigo.

Wata safiya ya ce in ɗauko wayarsa daga ƙarƙashin matashi in kunna masa wani gem. Na ce, "Hannu ya ƙone, amma shiririta ba ta ƙone ba?"

Ya ce, "Yaya, don Allah. Kai dai ara mini yatsa."

"Ba caca ba ce?"

"Wace caca? Ko sisi ba a sawa. Rai kawai ake sawa."

Na kunna ne don na ga tun da aka kwantar da shi wannan ne abu na farko da ya nema da bakinsa. Ya yi mini bayani, ni kuma na tsara shi a kaina kamar haka. Na farko, akwai wani ɗan jarumi da ke sauka cikin gidan ƙarƙashin ƙasa, hawa bayan hawa, ana neman a kai ƙarshe. Na biyu, duk lokacin da aka fara sabon wasa ɗakuna sukan canza, dodanni su canza, abin da za ka tsinta ya canza, babu hanyar da za ka haddace. Na uku, in ka taɓa gilashi jarumi ya yi taku ɗaya, dodanni ma su yi nasu ɗaya. In ba ka taɓa ba, komai ya tsaya cak yana jiranka. Na huɗu, akwai jan layi a sama, shi ne jininsa. In ya ƙare ya mutu, in ya mutu kuwa shi ke nan, komai ya goge, sai a koma hawan farko da hannu wofi.

Ya ce bai taɓa nisa irin na wannan karon ba. Kafin gobarar ya faro shi, kuma saura kaɗan ya kai ƙasa. Sai ya ƙara da wata magana a hankali: "Shi ne abu na ƙarshe da hannuna ya yi da kyau." Daga nan ban sake cewa shiririta ba.

Haka na zama yatsun ƙanena. Shi ke ba da umarni, ni ke dannawa. Ni da na saba in faɗa a yi, sai ga shi ana ce mini, "Hagu, Yaya, hagu na ce! Wai ba ka san hagunka ba?" A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo makiyayi da bijimin sa ya karya wa ƙafa. Tun yana kallonmu da mamaki har ya shiga ciki. Kullum da safe bayan gaisuwa sai ya ce, "Ya mutumin naku? Ya kwana a ramin?"

Abin da ya ja hankalina shi ne wasan ba hauka ba ne. Akwai sa'a a ciki, gaskiya ne. Kana iya kai sara ya wuce ta gefe, kana iya buɗe ƙofa ka tarar da guzuri ko ka tarar da ajali. Amma ƙanena yana da dokoki da ya koya da mutuwa iri-iri, kuma da na ji su sai na ga dokokin mai hankali ne. Kada ka yi faɗa a tsakiyar fili, ja da baya zuwa bakin ƙofa, su zo maka ɗaya-ɗaya. Kada ka tsokani abin da ke barci. Ka san inda matakala take kafin ka zare takobi. Sai kuma dokar kwalabe, wadda ita ce tushen wannan labari.

A cikin wasan ana tsintar kwalabe masu launi daban-daban, kuma ba a rubuta abin da ke ciki ba. Wata magani ce, wata guba, wata ƙarfi take ƙarawa, wata wuta ce. Launin ma ba ya zama ɗaya: ja da ta warkar da kai a wasan jiya tana iya zama guba a na yau. Sai ka sha ɗaya kafin ka san sauran masu launinta. Ana kuma iya jefa wa dodo kwalba, abin da ke ciki ya same shi. Ƙanena ya ce, "Kwalbar da ba ka sani ba, kana shan ta ne lokacin da jininka yake cike, babu dodo kusa, kuma kana tsaye a bakin ruwa. In sharri ce ka jure, ka kuma san ta. In ka bari sai ka matsu, to ba kai ke wasa ba, wasa ake da kai."

A jakar jaruminmu akwai kwalabe biyu kore da ba a san su ba. Kuma a hawan da muke mun share dodanni duka, jini cike, ga tafki a tsakiyar wani ɗaki. Na ce, "To, ga ruwa, ga jini. Mu sha ɗaya."

Ya ce, "Bari tukuna."

Washegari na sake faɗa, ya ce bari tukuna. Kuma bai ce mu sauka hawa na gaba ba. Sai zagaye muke a ɗakunan da muka riga muka share, muna leƙa lungu, wai ko mun bar wani abu. Ni na san ba mu bar komai ba, don ni na taka ko'ina da yatsana. Sai na lura da abu na biyar da bai gaya mini ba tun farko: jarumin yana jin yunwa. Duk takun da ya yi, ko na banza ne, cikinsa na raguwa. Gurasar da ke jaka muna ci tana ƙarewa, kuma a hawan da aka share ba a samun sabuwa.

Dattijo ya ce, "Yaro, makiyayin da ya zauna a wuri ɗaya don tsoron kura, yunwa ce ke kashe masa shanu."

Ƙanena ya ce, "Baba, wannan ba kiwo ba ne."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai na ga mutumin naku ya rame."

A lokacin damina na bakin shigowa. Ran Laraba aka yi ruwa mai kyau a wajenmu, maƙwabcina ya bugo yana tambaya ko a shuka mini gonar dawa, tun da ba na nan. Na ce masa, a gaban ƙanena, abin da Baba ya koya mana: a raba iri biyu, a shuka rabi yanzu, a ɗaure rabi a bar shi a rumbu. In ruwa ya zarce, mun riga kowa. In fari ya biyo baya ya ƙone shukar, muna da abin sakewa.

Da na kashe wayar ƙanena ya ce, "In fari ya zo ka yi asarar rabi ke nan."

Na ce, "In na jira tabbas kuma in yi asarar damina. Ka taɓa ganin wanda sama ta rubuta wa alkawari?"

Ban ƙara ba, don na gane in na haɗa maganar da hannunsa zai toshe kunne.

Ran Alhamis Baffa ya bugo da hantsi, ya ce an samu mota, bayan azahar za su taso. Likita ya leƙo da safe, ƙanena ya rufe ido kamar mai barci. Likitan ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce yana nan har la'asar.

Bayan mun yi sallar azahar hadari ya fara haɗuwa daga gabas, ɗakin ya yi duhu, iska ta tsaya. Na riga na naɗe tabarmata, na haɗa kwanuka a buhu. Sai ya ce, "Yaya, kunna. Mu ƙarasa kafin su zo."

Gurasa ta ƙare tun jiya. Yunwa ta fara cin jan layin da kanta, kaɗan-kaɗan, ko ba a taɓa mu ba. Babu sauran zaɓi, dole muka sauka, kuma muka sauka da jinin da ya riga ya ragu.

Sabon hawan baƙi ƙirin, sai inda muka taka yake haske. Muka bi wani siririn lungu, muka buɗe ƙofa. Ƙwarangwal uku suka juyo gaba ɗaya.

"Baya! Koma bakin ƙofa!"

Na koma. Na farko ya zo, muka sare shi ya watse. Dattijo ya ce, "Madalla!" Na biyu ya matso. Na danna, sara ya wuce. Ya sare mu. Na sake dannawa, ya sake wucewa. Sara na uku ma haka. Takobin da bai saba kuskure ba, ranar sai ka ce an yi masa asiri. Kafin mu kayar da shi jini ya koma ƙasa da rabi.

Na ce, "Wannan wane irin zalunci ne? Mun bi doka fa."

Ya ce, "Doka ba ta hana rashin sa'a, Yaya. Rage mata ƙarfi take yi. Yi shiru in yi tunani."

Na ukun bai matso ba. Mai baka ne. Ya tsaya daga nesa yana sako kibiya, dabarar bakin ƙofa ba ta da amfani a kansa. In mun bi shi cikin fili, ba mu san abin da ke duhun ba. In mun tsaya, ya ƙarasa mu. A jaka akwai laya ɗaya da ke ɗauke mutum ta jefa shi wani wuri a hawan, amma ba kai ke zaɓar wurin ba. Ƙanena ya daɗe yana kallo, gumi na bin goshinsa, na sa gefen rigata na share masa.

"Karanta layar."

Na danna. Gilashi ya yi fari, sai ga mu a wani babban ɗaki. Abu uku na gani a jere. Ga tafki a gefe. Ga matakalar sauka can ƙarshen ɗakin. Ga kuma wani ƙaton dodo mai gatari yana barci, tsakaninmu da shi bai fi tsawon sanda ba.

Dattijo ya rage murya kamar dodon zai ji shi. "Ku bi a hankali, 'ya'yan nan."

Duk takun da za mu yi, yana iya farkawa, yana iya ƙin farkawa. Ƙanena ya zaɓi hanyar da ta fi nisa da shi, ta gefen bango. Na danna. Bai motsa ba. Na sake. Bai motsa ba. Wallahi har numfashina na riƙe, ni da 'ya'yana sun kai aure. A waje aka yi tsawa, wata ma'aikaciyar jinya ta shigo tana rufe tagogi. Na sake dannawa, sai idon dodon ya buɗe ja.

Ya fi mu sauri. Kafin mu kai ko rabin hanya ya cim mana, sara ɗaya ya yi, jan layin ya koma ɗan siriri kamar zare. Sara na biyu ba za mu ɗauka ba. Matakala ta yi nisa. Laya ta ƙare. Na buɗe jaka: babu komai sai kwalabe biyu kore.

Ƙanena ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "In magani ce, mun tsira. In na jefa masa kuma ta zama magani, na warkar da shi na kashe kaina."

"In kuma ba magani ba ce?"

Sai kawai ya ce, "Sha."

Na danna. Wuta ta tashi.

Ta cika gilashin, ja da rawaya, ta kama jarumin, ta kama ciyawar da ke ƙasa, har dodon ya ja da baya yana ci da wuta. Kuma wasan har da ƙararta yake yi, irin ƙarar nan ta kara in ya kama. Na ji gadon ya girgiza. Da na ɗago, ƙanena ya ɗaga hannayensa biyu masu bandeji ya kare fuskarsa, idonsa a kan gilashin ya kasa ɗaukewa.

A lokacin na gane abin da ya sa yake ta cewa bari tukuna. Tun da ya faro wannan wasan kwalbar wuta ba ta fito ba, ya kuwa san tana nan cikin waɗanda ba a sani ba. Ba rowa ce ta hana shi sha ba, ba kuma mantuwa da dokarsa ba. Wutar ce ba ya son sake gani.

Komai ya tsaya a gilashin yana jiran yatsana. Jarumi na tsaye cikin wuta, tafki na kusa, dodo ya ba da hanya. In ya shiga ruwa wutar za ta mutu, kuma da dodon ya ƙone muna iya kaiwa matakala. Amma kowane taku wuta za ta ci jini, wani lokaci kaɗan, wani lokaci da yawa, ba a sani ba sai an taka.

Sai ƙaramar wayata ta yi ƙara a aljihu. Baffa ne. Ya ce sun shigo gari, wane ɗaki ne? Na gaya masa, na kashe.

Na ce, "Sun iso. Ina zan taka?"

Bai sauke hannayensa daga fuska ba.

Na ce, "Kai nake jira."

"Yaya, kai ka yi."

Na ce, "A'a. Ni yatsa ne. Kai ne mai wasa. Ko za mu kwana a nan ba zan danna ba sai ka faɗa."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Yatsana ya yi tsami a sama. Dattijo na ta salati ƙasa-ƙasa. Na ga ƙanena ya sauke hannayensa a hankali ya ɗora a cinya. Ya dubi wutar sosai, ido cikin ido, karo na farko.

"Dama, ta ƙasa. Nan ba ciyawa."

Na taka. Wuta ta ci kaɗan. Yana raye.

"Sake."

Na taka. Ta sake ci. Abin da ya rage a layin sai ka ƙura ido za ka gan shi. Ruwa na gabansa, saura taku ɗaya.

"Bismillah. Shiga."

Na danna. Jarumin ya ɗaga ƙafa, ya faɗi a bakin tafkin. Gilashi ya yi baƙi.

A daidai lokacin ruwan sama ya sauko a kan rufin kwano kamar da bakin ƙwarya. Ni na ɗauka shi ke nan, abu ɗayan da ya riƙe shi ya tafi, yanzu zai ce a kai shi gida ko me zai faru ya faru. Dattijo ya ce, "Allah ya ji ƙan mutumin naku. Ya yi ƙoƙari."

Ƙanena bai yi dariya ba, bai kuma yi kuka ba. Yana kallon baƙin gilashin ya fara magana, ba da ni ba, da kansa. "Da mun sha ta shekaranjiya a bakin wancan tafkin, jini cike, da ɗan ƙuna kawai za mu yi mu faɗa ruwa. Da mun san wuta ce. Da yau ta biyun na jefa wa mai gatari tun yana barci." Sai ya ƙara da cewa, "Kwalbar ba ta canza ba. Mu ne muka bari sai da muka raunana."

Na buɗe baki zan ce wani abu, sai na rufe. A rayuwata ban taɓa yin shirun da ya fi wannan wuya ba. Na ga ya sunkuyar da kai yana kallon bandejin hannunsa.

Sallamar Baffa muka ji. Ya shigo babbar rigarsa a jiƙe, direba na bayansa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi hannun, ya yi addu'a, ya ce, "To, ku tashi. Mu kama hanya kafin rafi ya kawo."

Na ɗauki buhun kwanuka, don ba ni da ta cewa. Sai ƙanena ya ce, "Baffa, ku yi haƙuri. Ku gafarce ni, na sa kun sha hanya cikin ruwa. Ni zan tsaya a yi aikin."

Baffa ya juyo kaina. "Kai ka sa shi?"

Kafin in amsa dattijo ya ce daga gadonsa, "Alhaji, ni shaida ne. Wannan babban ko uffan bai ce ba. Yaron ne ya ga abin da ya gani."

Baffa ya ce, "An ce maka tabbas za ta kama?"

Ƙanena ya ce, "Ba a ce ba, Baffa. Amma yanzu ina da ƙarfin da zan jure in ta ƙi. In na bari, ranar da zan dawo dole ce za ta kawo ni, kuma ba ni da wannan ƙarfin."

Baffa ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya zauna a bakin gadon ya ce, "Mai ciwo shi ya san inda ke masa zafi. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kai kuma ajiye buhun nan, je ka kira likitan, ka tsaya kana kallona."

Da gudu na fita cikin ruwan, takalmi ɗaya ya fice ban tsaya ɗauka ba.

An yi aikin. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba, don ba haka aka yi ba. Dashen hannun hagu ya kama gaba ɗaya. Na dama wani gefe ya ƙi, sai da aka sake, ya sha wuya, ya kuma jure. Har yau ƙaramin yatsansa na dama ba ya miƙewa sosai. Amma yana riƙe sifana, yana ciyar da iyalinsa, kuma ba ya zuba fetur sai inji ya huce. Wasan nan yana yinsa har yanzu da yatsunsa, ya ce ya mutu ya fi a ƙirga, bai kai ƙasa ba tukuna. Dawar da aka shuka mini kuwa, fari ya biyo baya ya ƙone ta. Rabin da aka bari a rumbu shi muka sake shukawa, shi muka ci a shekarar.

Abin da wannan yini ya koya mini shi ne, tabbas ba a ba ɗan Adam ba, a gona ne, a asibiti ne, ko a cikin ramin wasa. Abin da aka ba mu shi ne zaɓin lokaci da shiri. Zama wuri ɗaya ba tsira ba ne, don yunwa na cin mai jira ko bai motsa ba. In akwai abu mai ɗaci da ka san dole wata rana ka sha, sha shi da sauran ƙarfinka, kana tsaye a bakin ruwa, ka bar wa Allah sauran.